Kanar Yohanna Madaki, Sojan Da Ya Koma Lauya

 

A watan da ya gabata wani dattijo daga cikin maƙwabtanmu na zangon Tamale ya shigo zauren mahaifinmu bayan sallar La'asar. Da aka gama gaisawa sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi. Ɗansa ya gama sakandare da sakamako mai kyau, yaron ya kafe a kan karatun lauya, shi kuwa uban so yake ya shiga soja. Ya ce, "Allah gafarta Malam, gara in gan shi cikin kaki a barikin Kamina da in gan shi cikin baƙar riga a kotu yana wanke ɓarawo. Soja dai da guminsa yake ci, lauya kuwa da ƙarya." Amsar da Malam ya ba shi za mu kawo ta a gaba. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, gidaje da yawa a cikinmu haka suke kallon al'amarin, a nan Ghana da Nijeriya, har ma da Nijar da Togo inda wannan mujalla take kaiwa.

Ba mu ga laifin Alhaji ba a kan girmama kaki, domin abu ne da muka gada. Tun 1863, lokacin da Glover ya kafa ƙaramar rundunarsa ta Hausawa a Legas, kakanninmu suke ɗaukar bindiga a wannan yanki. Hausa ce harshen bariki a zamanin Turawa, har taken rundunar Gold Coast da Hausa aka yi shi, wato "Kullum Shiri". Barikin Kamina da muke wucewa ta gefensa kullum sunan wani gari ne a Togo, inda sojojin wannan ƙasa suka ci tashar sadarwar Jamusawa a 1914. Lauya kuwa baƙo ne a wurinmu, ba mu san shi ba sai ranar da masifa ta kai mu gaban alƙali. Don haka muka ga ya dace mu duba rayuwar wani mutum da ya sa rigunan nan biyu, ya ga abin da kowace take iya yi da abin da ba ta iyawa.

Kanar Yohanna Madaki mutumin Zuturung ne, a ƙasar Zangon Kataf ta kudancin Jihar Kaduna. Ɗan ƙabilar Bajju ne, kuma Kirista. Muna faɗar wannan tun farko domin kada mai karatu ya zaci tarihin wani malami ko waliyyi za mu kawo. Ya shiga rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya tun yana saurayi, ya fara daga ƙasa har ya zama hafsa. A watan Janairun 1967 shugabannin sojan Nijeriya suka zo nan Ghana, suka zauna a Aburi bisa gayyatar Janar Ankrah domin su sasanta tsakaninsu, amma da suka koma gida kowa ya fassara yarjejeniyar yadda ya ga dama. Ranar 6 ga Yuli, 1967 yaƙin Biyafara ya ɓarke, bai ƙare ba sai 15 ga Janairu, 1970. Wata talatin ke nan ana zubar da jini, kuma yunwa ta kashe mata da yara masu yawan gaske. Madaki yana cikin hafsoshin da suka yi wannan yaƙi a ɓangaren gwamnatin tarayya.

Yana da kyau mu tsaya mu dubi abin da fagen fama yake koya wa hafsa. A cikin daji babu mai ƙara babu wanda ake ƙara. Umarni ne yake saukowa daga sama, na ƙasa ya cika shi ba tare da tambaya ba, domin wanda ya tsaya neman hujja a lokacin da harsashi yake tashi zai halaka kansa ya halaka mutanensa. Hafsa yakan yanke shawara cikin ƙiftawar ido, rayukan mutane ɗari suna rataye a kanta. Wannan hali shi ne yake cin yaƙi. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauko mai wannan hali aka ɗora shi a kan mulkin jama'a, kamar yadda aka yi ta yi a Nijeriya da Ghana da Nijar shekara da shekaru.

A farkon shekarun 1980, yana cikin kaki, ya kai shekara arba'in, Madaki ya koma aji ya yi karatun shari'a a Jami'ar Ibadan har ya zama lauya. Wannan kaɗai abin lura ne ga waɗanda suke cewa sun tsufa da karatu. Mutum ne da ake ƙame masa a bariki, ya yarda ya zauna tare da sa'o'in 'ya'yansa yana rubuta jarrabawa.

Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, sai ya naɗa shi gwamnan tsohuwar Jihar Gongola, wadda aka raba a 1991 ta zama Adamawa da Taraba. A nan ne ya aikata abin da sunansa ya zagaya Arewa da shi. A watan Agustan 1986 ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur, bisa zarge-zargen da gwamnatinsa ta yi masa, aka fitar da shi daga Jalingo aka kai shi Mubi aka tsare. Masu goyon bayan gwamna suka ce ya ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Masu goyon bayan sarki suka ce an wulaƙanta sarautar da ta samo asali tun zamanin jihadi. Shi kuwa sarkin kotu ya nufa, kuma babban kukan da ya kai shi ne cewa an yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Shari'ar ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a 1989 ta ce babbar kotun tarayya da ya fara kai ƙara ba ta da hurumin sauraron rikicin sarauta, aikin babbar kotun jiha ne. Kafin nan an riga an naɗa sabon sarki tun 1988. Alhaji Umaru bai sake komawa gadonsa ba.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A cikin watan da aka tuɓe sarkin aka ɗauke Madaki daga Yola aka mai da shi Jihar Binuwai, bai yi wani daɗewa a can ba aka yi masa ritaya daga soja. Da sanarwa ya tuɓe sarki, da sanarwa kuma aka raba shi da kakin da ya yi yaƙi a cikinsa. Ya dawo Kaduna ya buɗe ofishin lauya, daga nan kuma rabi na biyu na rayuwarsa ya fara.

Yanzu mun zo wurin da ya fi nauyi ga Bahaushe ya karanta. A watan Fabrairun 1992 rikici ya tashi a Zangon Kataf tsakanin Katafawa da Hausawan garin a kan sauya wa kasuwa wuri. A watan Mayu ya sake tashi da muni fiye da na farko, aka kashe ɗaruruwan mutane, aka ƙone garin Zango, wutar ta bazu zuwa Kaduna da Zariya. Waɗanda aka kashe a cikin garin galibinsu 'yan'uwanmu ne Hausawa Musulmi, mazauna zango kamar mu, waɗanda kakanninsu suka zauna a wurin tun kafin zuwan Turawa. Mu da muke zaune a zangunan Ghana mun san abin da ake nufi da a wayi gari a ce maka baƙo a garin da aka binne cibiyarka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Gwamnatin soja ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, aka gurfanar da wasu shugabannin Katafawa, cikinsu har da Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, tsohon gwamnan Jihar Ribas. Yohanna Madaki yana cikin lauyoyin da suka tsaya musu, a ƙarƙashin jagorancin Cif G.O.K. Ajayi. Hausawa da yawa ba su yafe masa wannan tsayuwa ba, kuma ba za mu ce ba mu fahimci dalilinsu ba. Wanda ya binne 'ya'yansa ba ya son jin zancen ƙa'idar shari'a.

Amma mu dubi yadda shari'ar ta ƙare. Ana cikin zama gwamnati ta fito da doka mai lamba 55 ta 1992, wadda ta toshe wa waɗanda ake tuhuma hanyar kai kuka wata kotu. Ɗaya daga cikin mambobin kotun ya ajiye aiki. Lauyoyin masu kariya suka janye, aka ci gaba da shari'a babu su, a watan Fabrairun 1993 aka yanke wa Lekwot da wasu hukuncin kisa. Kukan da ya biyo baya, ciki da wajen Nijeriya, ya sa gwamnati ta sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara biyar, a 1994 kuma aka sake su. A 1995 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda ke Banjul a ƙasar Gambiya, ta yanke cewa an tauye musu haƙƙinsu na samun shari'ar adalci.

To, me marayun Zango suka samu a cikin wannan? Hukuncin da aka yi gaggawar yankewa domin a sanyaya musu zuciya bai tsaya ba. Ɓangare ɗaya ya ce an zalunci shugabanninsa, ɗaya ɓangaren ya ce an saki waɗanda suka kashe masa mutane, kuma babu wata takardar hukunci da za a ɗauko yau kowa ya sunkuyar da kai gare ta. Da an bar lauyoyi sun yi wa shaidu tambayoyi har ƙarshe, aka bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe, duk wanda hujja ta kama da ba shi da bakin magana, haka ma mutanensa. A ganinmu wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya fi kowa bukatar a ba wanda ake tuhuma cikakkiyar damar kare kansa, domin wannan damar ita ce take sa hukunci ya zauna daram.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a rayuwar wannan mutum shi ne, kukan da Sarkin Muri ya kai kotu a kansa, shi ne kukan da shi kansa ya tsaya yana yi wa Lekwot bayan shekara shida. Yana riƙe da iko ya ga sauraro ɓata lokaci ne. Da ya koma gefen da ba shi da iko, sai ya ga ba shi da wani makami sai wannan sauraron. Daga baya ya shiga siyasa har ya zama mai ba jam'iyyar PDP shawara kan harkokin shari'a, ya rasu a watan Mayun 2006. Mutanen kudancin Kaduna suna tuna shi a matsayin lauyan marasa gata, wasu kuma a Muri da Zango suna tuna shi da wani abu dabam. Hisabin kowa yana wurin Ubangijinsa. Namu shi ne mu ɗauki darasi, domin hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, duk inda ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita.

Mu nan arewacin Ghana ba sai an ba mu labari ba. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da maƙwabtansu shi ma a kasuwa ya faro, a kan cinikin zabo, kusa da Bimbila, bai lafa ba sai da ya ci dubban rayuka. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a fadarsa ta Yendi tare da mutane da dama. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta da dokar hana fita da sojoji a kan titunan Tamale ba, fiye da shekara biyu ana cikin dokar ta-ɓaci. Sojojin nan sun tsare mana rayuka, muna kuma gode musu, sai dai ba bindigarsu ce ta warware rikicin ba. An kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Wuaku. A 2011 babbar kotu a Accra ta sallami mutum goma sha biyar da aka tuhuma saboda hujjojin da aka kawo ba su isa ba, abin da ya yi wa mutane da yawa ɗaci. Sai da manyan sarakuna uku, Asantehene da Nayiri da Yagbonwura, suka shafe shekaru suna sauraron gidajen biyu, sannan aka naɗa Ya Na Abukari na Biyu a watan Janairun 2019. Shekara goma sha bakwai ke nan kafin ƙasar Dagwamba ta sake samun sarki. Bindiga ta iya raba faɗa, amma rabon gaskiya sai an zauna an ji ta bakin kowa.

Wannan kuwa addininmu ya riga kowa koyar da shi. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Sayyidina Aliyu zuwa Yaman, ya gargaɗe shi da kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Shi Sayyidina Aliyun, jarumin Badar da Haibara, yana halifa ya ga sulkensa a hannun wani wanda ba Musulmi ba, bai aika dogarai su ƙwato ba. Ya tafi gaban alƙali Shuraihu, aka nemi shaidu, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga ubansa, halifa ya faɗi shari'a ya kuma yarda. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari ta ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, ta kuma umarci alƙali ya daidaita masu husuma a zama da kallo. Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci saboda ƙiyayyar da muke yi wa wasu mutane.

Ga amsar da Malam ya ba maƙwabcinmu. Ya miƙa hannu ya ɗauko Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littafin alƙalanci da malamanmu na Malikiyya suka daɗe suna karantarwa, ya buɗe babin wakilci ya ajiye a gabansa. Ya ce, "Alhaji, wannan aikin da kake gudu malamai sun yi masa babi tun kafin Bature ya zo ƙasar nan. Wanda bai iya magana a gaban alƙali ba yana da damar ya wakilta wanda ya iya. In ɗanka ya ce wa mai ƙara kawo hujjarka, bai yi ƙarya ba, shari'a ya tsayar. In kuwa ya san abu ƙarya ne ya tsaya ya rantse a kansa, ko ya sayi shaida, to wannan wuta yake tara wa kansa. Ai sojan ma in ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba, kakin ba zai cece shi ba."

Tsoron Alhaji yana da tushe, kada mu yi kamar babu. Suratun Nisa'i ta hana tsaya wa maha'inta, kuma hadisi ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har ya ci haƙƙin da ba nasa ba, cewa yankin wuta aka yanka masa. Akwai lauyoyin da suke ja wa talaka shari'a shekara da shekaru domin a gaji a bari. Maganin wannan shi ne a samu yaran da suka san Allah a cikin aikin, waɗanda suka sauke Alƙur'ani suka karanta Risala kafin su shiga makarantar lauyoyi ta Makola. In muka hana namu, kotu ba za ta rufe ba, za mu ci gaba da zuwa gabanta da aron baki.

Kuma zuwan nan ba makawa. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda da ɗaura shi. Gida nawa ne a zangonmu suka yi? Dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDC 111, gwamnatin soja ce ta kafa ta, ita ce kuma kotu take bi wajen raba dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, ko Musulmi ne, alhali rabonta ya saɓa da na fara'ila. Muddin magada sun yarda da rabon liman, lafiya lau. Ranar da ɗaya ya ƙi ya nufi kotu, a ranar ake gane amfanin takardar da maigida ya ƙi rubutawa yana da rai. Mun sha ganin gwauruwa da marayu a ƙofar zaure suna kuka a kan gida ko fili, Malam ya ba da fatawa daidai, amma aka rasa wanda zai mai da fatawar ta zama takardar da alƙalin gwamnati zai karɓa.

Saboda haka muna kira ga iyaye. Yaron da yake son soja a sa masa albarka, ƙasa tana bukatarsa. Wanda yake son lauya, namiji ne ko mace, shi ma a sa masa, a kuma riƙe shi da karatun addini. Magidanta su nemi lauya su rubuta wasiyya a gaban shaidu biyu, su bayyana cewa a raba dukiyarsu bisa shari'ar Musulunci, a kuma yi wa aure rajista. A cikin gida ma, in kishiyoyi ko yara suka kawo ƙara, kada maigida ya yanke hukunci irin na bariki a kan maganar wanda ya riga zuwa.

Alhaji ya tashi ranar bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Ya dai nemi Malam ya sa yaron a addu'a, ya ce zai sake shawara da mahaifiyarsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda ba mu so, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.